Fita ta Farko a Kan Ruwa: Daga Ngong Zuwa Tafkin Lagdo



Dalilin wannan rubutu shi ne tambayar da magidanta da yawa suka yi mana tun da muka dawo daga Lagdo da iyalinmu. Yara a yanzu suna ganin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa a talabijin da wayar hannu, jirage masu benaye bisa benaye, sai su dami iyaye da cewa su ma a kai su. Mu kuwa mutanen tudu ne. Da yawa daga cikinmu an haife mu kusa da Binuwai, amma iyakar saninmu da shi bai wuce leƙe daga kan gadar Garwa ba. To, ga ruwa nan a ƙofar gidanmu, kuma ya isa mutum ya koyi yadda ake shirya tafiyar jirgi kafin ya yi tunanin teku.

Mai fitowa daga Garwa zai bi babbar hanyar Ngawundere, ya yi kudu, kafin awa guda ta cika yana Ngong. Garin nan namu an fi saninsa da kasuwa, da shanu, da auduga, da buhunan masara da gyaɗa da ake lodi a manyan motoci. Daga nan sai a karkata gabas, tafiya kaɗan, duwatsu su fara tasowa dama da hagu, a tsakaninsu kuma aka datse kogin. An fara gina madatsar Lagdo a 1977, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, da taimakon ƙasar Sin, aka gama a 1982. Injuna huɗu ne a cikinta, ƙarfinsu duka megawat 72, kuma da su aka daɗe ana haska Garwa da Marwa da Ngawundere. Ruwan da ya taru a bayanta ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 600. Wanda bai taɓa ganin teku ba, idan ya tsaya a gaɓa da safe cikin hazo, ba zai hango ɗaya gefen ba.

Kada mai karatu ya ɗauka jirgi baƙo ne a ƙasar nan. Dattawan Garwa suna tuna lokacin da jiragen 'yan kasuwa ke hawowa daga Nijeriya, ta Lakwaja da Makurɗi da Yola, su sauke gishiri da siminti da mai, su ɗebi auduga da gyaɗa. Makonni kaɗan ne a shekara, lokacin da kogi ya cika a tsakiyar damina, don haka gari duka yakan tashi tsaye. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya karya wannan ciniki, jirgin ƙasa ya iso Ngawundere a 1974 ya ɗauke kaya, sannan madatsa ta zo ta canza halin ruwan. Abin da ya rage mana shi ne kwale-kwalen katako, wasu da inji, wasu da filafili, na masunta da masu fito.

Farkon abin da mai niyya zai duba shi ne wata. Mu a ganinmu, daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu ya fi: ruwa na nan da yawa bayan damina, hadari ya wuce, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Maris da Afrilu kuwa, kowa ya san zafin ƙasar Garwa, ya kan haura digiri 40, kuma a kan ruwa babu inuwar bishiya. Damina a bar wa masu sana'a. Iskar da ke gaban hadari tana tayar da igiyar ruwa cikin 'yan mintoci, kuma a ƙarshen damina ne akan buɗe ƙofofin madatsa idan ta cika. Ba mu manta da 2012 da 2022 ba, shekarun da ruwa ya ci gonaki da gidaje tun daga ƙasar nan har jihohin Adamawa da Binuwai da Kogi a Nijeriya. Bayan wata, sai sa'a. A fita da hantsi, a dawo kafin la'asar. Masunta da kansu suka gaya mana da yamma iska ta fi tashi.

Na biyu, kuma a nan za mu daɗe, shi ne yadda ake kama jirgi. A Lagdo ba tikiti ake yanka a ofis ba, da mutum ake magana. Kuskuren da muka yi a karon farko shi ne mun yi cinikin ta waya, ta hannun wani da ya san wani. Da muka gaya wa mahaifinmu, Malam, sai ya tambaye mu: "Ka ga jirgin da idonka?" Muka ce a'a, Baba, amma an ce mai kyau ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ko akuya ba ka saye a bakin wani, balle abin da za ka ɗora jikokina a kai." Muka ji nauyin maganar, amma ranar ta riga ta matso, muka tafi a haka.

Abin da muka tarar shi ne kwale-kwale mai ruwa a ciki har idon sawu, da yaro guda yana kwalfewa da rabin jarka. Mu tara ne, da yara huɗu a ciki. Mai jirgin kuma ya riga ya karɓi wasu fasinjoji shida da buhunansu, yana cewa ai hanya ɗaya ce. Kuɗinmu na hannunsa. Maiɗakinmu ta dube mu ba ta ce komai ba, ta dai riƙe hannun ƙaramar yarinya ta ja da baya. Muka haƙura da kuɗin, muka ci soyayyen kifi a gaɓa, muka koma Ngong yara suna kuka. Ba mu san ko jirgin ya isa lafiya ba, mai yiwuwa ya isa, domin kullum haka yake yi. Amma mun tuna jirgin Joola na Senegal, wanda ya kife a watan Satumba na 2002 da mutane fiye da 1,800, alhali an ƙera shi don ɗaukar abin da bai kai 600 ba. Shi ma ya sha isa lafiya kafin wannan dare.

A karo na biyu mun bi maganar Malam. Mako guda kafin tafiya muka hau babur mu kaɗai, muka je bakin ruwa, muka yi sallama da dattawan wurin, muka nemi shugaban masu jirage. Wannan mataki yana da amfani biyu: shi ya san wanda injinsa ke da lafiya da wanda ke shan abin da bai kamata ba, kuma matuƙin da aka haɗa ku da shi ta hannun shugabansa ya san akwai inda za a kai ƙara. Fulatanci ya fi gudana a wurin, amma Hausa ma tana ci, domin tafkin ya tara masunta daga wurare da yawa: Musgum da Kotoko da Masa daga can arewa, da mutanen Nijeriya, har da na Mali. Aka haɗa mu da wani dattijo. Muka ce, "Baba, jirgin nan mutum nawa yake ɗauka?" Ya ce, "Ɗana, ranar kasuwa ko ranar Allah?" Muka yi dariya, muka ce ta Allah. Ya faɗi adadi, mu kuma muka rage uku daga ciki.

Shatar jirgin muka yi gaba ɗaya, da sharaɗin ba za a ƙara mana ko kaza ba. Ya fi tsada, gaskiya ne, kuma magidanci biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi. Muka tantance komai a gaban shaidu: inda za a je, awa nawa, wa zai sayi mai, da kuɗin jira idan mun sauka a tsibiri. Mun ba da rabi, saura sai an dawo. Muka nemi a nuna mana jarkar mai ta ajiya, da filafili biyu saboda ko inji ya mutu, muka taka katakon ƙasa muka duba inda aka toshe da ƙyalle. Ya 'yan uwa, kada kunya ta hana ku wannan bincike. Matuƙin kirki ba ya jin haushinsa.

Rigar ceto, wato wadda ke hana mutum nutsewa, ita ce abin da ya fi ba mu wuya. Ba kowane mai jirgi ke da ita ba, wanda ke da ita ma sau da yawa ta manya ce. Rigar babba a jikin yaro ba ta da amfani, zamewa take ta kai. Sai da muka yi aro muka kuma saya kafin kowa ya samu daidai shi. Ga iyayenmu mata da 'yan uwanmu mata, shawara ita ce a sa rigar a ɗaure ta sosai, a tattara gefen hijabi da zane kada su yi ja a ruwa ko su kusanci inji. Sutura ba ta hana wannan, mun gani da idonmu. Kowane yaro a damƙa shi hannun babba guda tun daga gida, a ce wane naka ne, domin idan yara na kowa ne to ba na kowa ba ne.

Akwai dorina a tafkin. Daga nesa kamar duwatsu, sai kunne ya motsa. Yara za su roƙa a matsa kusa, kada a yarda, kuma kada a ƙara wa matuƙi kuɗi don ya yi hakan. Dorina mai ɗa tana kifar da jirgi. Haka nan kada a bar yara su yi wanka a gefen ruwa mai ciyawa, saboda tsargiya, cutar nan da ke sa fitsarin jini, wadda ake ɗauka daga ruwan da katantanwa ke zaune. A ɗauki ruwan sha daga gida, har da na buta. A riƙe katin shaida saboda jandarmomin hanya, a sa waya cikin leda. Madatsar kanta wuri ne mai tsaro, a nemi izini kafin a ɗaga waya don hoto.

Batun salla, an tambaye mu shi fiye da sau ɗaya. Daga Ngong ko Garwa zuwa Lagdo tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba. Kuma abin da muka karanta a zaure cikin Muhtasar na Shehu Halil shi ne rangwamen haɗa salloli biyu na matafiyin tudu ne, ban da na ruwa. Wanda lokaci ya kama shi a jirgi yana fuskantar alƙibla, ya juya in jirgin ya juya, ya tsaya in zai iya. To amma tsayuwa a kwale-kwale haɗari ce ga kowa da ke ciki. Mafita mai sauƙi ita ce a tsara tafiyar yadda azahar za ta same ku a ƙasa. Mu a tsibiri muka yi tamu.

Tsibirin da aka fi zuwa, mutanen wurin suna ce masa Madagaskar. Tafiyar zuwa can ita ce ladan duk wahalar da muka lissafa. Ruwan ya kwanta kamar faranti, duwatsu masu santsi suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, tsuntsaye farare a kansu. Masunta suna jan taru, suna ɗaga mana hannu. Malam, wanda da ƙyar ya yarda ya biyo mu, ya karanta addu'ar Annabi Nuhu da ke cikin Suratu Hud yayin da aka tura jirgi, daga nan bai ƙara magana ba, yana ta kallo. A tsibirin muka ga yadda ake banda: karfasa da tarwaɗa jere a kan waya, hayaƙi na tashi, mata suna juyawa. Kifin nan ne ke isa kasuwannin Garwa da Ngawundere, wani ma ya ƙetara Nijeriya. Muka sayi giwan ruwa guda, aka soya mana rabi nan take. A tuna cewa gidajen mutane ne, a yi sallama, kada a ɗauki hoton matan wani ba da yardarsa ba.

Wanda Allah ya hore wa, yana son babban jirgi na kwana da kwanaki, akwai na kogin Nilu a Masar tsakanin Luksor da Aswan, kwana uku ko huɗu, akwai kuma Aroya, wanda Saudiyya ta fara fitarwa daga Jidda a watan Disamba na 2024. Tambayoyin ba su canza ba, sun dai koma kan takarda. Me kuɗin ya ƙunsa? Sau da yawa yawon da ake yi idan an sauka a gari da ladan ma'aikata daban ake biya. Wane irin nama ake dafawa, ana sayar da giya a inda iyali za su ci abinci, akwai wurin salla? In an fasa tafiya, nawa ake mayarwa? A duba fasfo ya rage aƙalla wata shida, da bizar kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, da katin allurar shawara. A isa garin da jirgin zai tashi kwana guda kafin ranar, domin ba ya jiran wanda jirgin sama ya makarar. Kuma idan aka kira atisayen ceto a ranar farko, a je da yara duka.

Mu dai ƙarfe uku da rabi jirginmu ya taɓa gaɓa, iska ta fara kaɗa ruwan ke nan. Muka cika wa dattijon kuɗinsa, muka ƙara masa goro. A mota yara suka yi barci tun kafin mu fita daga cikin duwatsu, sauran kifin na naɗe cikin takardar siminti a kan cinyar maiɗakinmu. Muna shiga Ngong ana kiran magariba, Malam ya sauka a ƙofar masallaci, ya juyo ya ce in za a koma baɗi a gaya masa da wuri, yana so ya tafi da ƙaninsa.