Kayan Da Babu Mai Tsaya Musu

Sana'ar ɗaukar hoto a Sabon Birni ta daɗe da zama sana'ar masu haƙuri. Tun da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, yaran da a da suke yin layi a ƙofar shagonmu ranar Sallah sun koma ɗaukar juna da kansu. Abin da ya rage mana shi ne hoton fasfo na 'yan makaranta, da ɗaurin aure, da walimar sauka, sai taron siyasa idan kakarsa ta zo. A waɗannan ma, in kana so a kira ka, dole hotonka ya nuna abin da waya ba za ta iya ba. Kuma duk wanda ya san aikin ya san ba gangar jikin kyamara ce ke yin wannan ba, gilashin da aka ɗaura mata a gaba ne. Shi ke fito da fuskar ango tas, ya narkar da taron da ke bayansa. Gilashi mai kyau yakan fi kyamarar kanta tsada.

Ina da wani hali da ban so a sani ba, amma tunda na zauna rubutu bari in faɗa: ina son a ce na fi kowa wayo. Ba kuɗi nake so in fi mutane ba, a'a, ina so ne in sayi abu a rabin kuɗinsa sannan in ba da labari a majalisa. Wannan halin ne ya kai ni, a daminar 2021, ga wani shafi a intanet da ke tallan kayan hoto daga Legas. Gilashin da na daɗe ina mafarki, ga shi nan a cikin kwalinsa, an rubuta sabo ne fil, da garantin shekara ɗaya. Kuɗinsa ya yi ƙasa da na shagunan Kano da wajen kashi ɗaya cikin uku. Na duba hotunan, na karanta yabon da wasu da ban sani ba suka rubuta a ƙasa, zuciyata ta ce mini: kai wane, ga rabonka.

Na je na gaya wa maigidana, dattijon da ya koya mini aikin tun zamanin fim da ɗakin duhu. Ba shawara na je nema ba, yabo na je nema. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, wanga mutum, ɗan wane gari ne?" Na ce Legas. Ya ce, "Legas gari na, ba mutum ba. In abin ga ya lalace, ƙofar wa za ka bugawa?" Na yi dariya, na ce, "Baba, ai yanzu duniya ta ci gaba, akwai garanti a rubuce." Ya ce, "Ko rago kas saye kasuwa, dillali na tsaye. La'adar da kake ba shi, ba don ya iya magana ba ta, don ran da ragon ya hito da ciwo ka san wanda za ka riƙewa." Na fita ina cewa a raina tsufa ya kama Baba.

Na tura kuɗin gaba ɗaya ta banki, zuwa asusun da sunansa bai yi daidai da sunan shagon ba. Na lura da hakan. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: na lura, na kuma kawar da kai. An saka kayan a mota daga Legas zuwa tashar Sakkwato, wani direban garinmu ya ɗauko mini ta hanyar Goronyo. Da na buɗe kwalin, ga gilashi yana sheƙi, ga ɗan littafinsa, ga katin garanti. Rasit ne kawai babu, ban kuma nema ba. Mako bai zagayo ba sai da duk mai kyamara daga Sabon Birni zuwa Isa ya ji nawa na saye shi, ya kuma ji nawa su ake cutarsu a Kano.

Ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai ranar wani ɗaurin aure a Isa. An jera dangin ango a ƙofar gida, dattawa a kan tabarma, samari a tsaye. Na danna, sai na ji gilashin yana wani gurnani, yana shiga yana fita, ya kasa tsayawa a kan fuskar kowa. Na kashe na kunna, na cire na mayar, ya ɗan yi, ya sake. Mutane sun gaji da murmushi, wani kawun ango ya ce, "Malam mai hoto, ko mu tashi?" Na ce a'a, an gama. Da dare na zuba hotunan a kwamfuta, gumi ya karyo mini. Bangon gidan ya fito rangaɗau, ana iya ƙirga tsagar da ke jikinsa, fuskokin mutane kuwa duk dishi-dishi. Ɗaurin aure ba ya maimaituwa. Na mayar musu da kuɗinsu, suka tattara hotunan da yara suka ɗauka da waya suka wanke.

Ban damu sosai da gilashin ba a daren, domin ina da katin garanti. Sai dai a watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a Zamfara, sannan gwamnatin Sakkwato ta bi sahu a ƙananan hukumomi 14, har da Isa da Sabon Birni, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mutumin da na saya a wurinsa ba shi da wata ƙofa sai lambar waya, wayar kuma ta mutu a hannuna. Kamar sauran jama'a, ni ma sai na nemi layin Nijar, na riƙa fita wajen da ake ɗan kama sabis ɗin tsallaken iyaka. Wasu suna neman jin ko ɗan'uwansu da ya gudu Gidan Rumji ko Maradi yana raye, ni ina tsaye a cikinsu ina rubuta wa mutumin Legas saƙo a kan gilashi. Ko a lokacin na ji kunya. A watan Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, hanyar da kayana suka biyo. Wanda ya ga irin wannan bai kamata ya kira asararsa asara da babbar murya ba, kuma ban kira ba. Amma abincin gidana a jikin wannan gilashin yake.

Amsar mai kayan ta zo a taƙaice. Ya ce kwanakin da suke karɓar kaya sun wuce, garantin shekara kuwa ba nasu ba ne, na kamfani ne, in nemi wakilin kamfani. Na ce ya turo mini rasit. Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi na kai gilashin Kano, wurin wani mai gyaran kyamara da aka kwatanta mini. Bai ce mini komai ba da farko. Ya kunna fitilar wayarsa ya haska ta bayan gilashin, ya juya shi a hankali. Ya ɗauko madubin ƙara girma ya duba ƙananan kusoshin da ke gindinsa, sannan ya miƙo mini ya ce in duba da kaina. Kan kusoshin duk a kwarzane suke, alamar sukundireba ta taɓa hawa kansu. Ya ce, "Yallaɓai, an taɓa buɗe wannan." Ya karɓi kwalin, ya gwada lambar da ke jikinsa da lambar da aka zana a jikin gilashin. Ba su zo ɗaya ba. Kwalin wani ne, gilashin wani ne. Katin garantin kuma, wanda na adana a cikin leda kamar takardar gida, ya nuna mini ƙananan rubutun da ke bayansa: na kasuwar wata ƙasa ce a Asiya, a can kaɗai yake aiki. Gurbin da dila zai buga hatimi ya sa kwanan wata, fari fat.

A nan na tsaya na yi shiru. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kusoshin ba ne. Duk abin da mutumin nan ya nuna mini, babu wanda ya buƙaci ilimin gyara. Lambobi biyu ne, da ido za a gwada su. Katin yana hannuna wata da watanni, ban taɓa juya bayansa ba. Da na tambayi kaina dalili, amsar ba ta yi mini daɗi ba: ban duba ba ne don ina tsoron abin da zan gani. Na riga na ba da labari a majalisa.

Mai gyaran ne ya warware mini yadda abin yake, kuma ya kamata duk mai sayen irin waɗannan kaya ya sani. Manyan kamfanonin kyamara na Japan, irin su Canon da Nikon, sun raba duniya yanki-yanki, kowane yanki da wakilansa da farashinsa da garantinsa. Wasu 'yan kasuwa sukan sayo kaya a inda suke da araha, su shigo da su ta bayan wakili. Kayan na iya zama na asali, sababbi ma, amma wakilin yankinka bai san da su ba, bai ci ribarsu ba, don haka ba ya ɗaukar nauyinsu. Rangwamen da kake murna da shi, sau da yawa kuɗin wannan ɗaukar nauyin ne aka cire maka. Nawa ma ya zarce haka, tsoho ne aka gyara aka saka a sabon kwali. Sannan ko da garantin na gaskiya ne, yana son rasit mai kwanan wata daga dilan da kamfani ya amince da shi, kuma kuskuren ƙira kaɗai yake rufewa. Faɗuwa, ruwa, yashi da ƙura ba sa ciki. Mu da muke aiki cikin hazon hunturu a bakin iyakar Nijar, muna bin hanya a kan babur, wannan sharaɗin kaɗai ya isa ya sa mutum ya rage dogaro da kati.

Akwai doka, ba a ce babu ba. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi. Amma ƙorafi yana son sunan wanda ake ƙara, da adireshinsa, da shaidar ciniki. Ni abin da nake da shi lambar waya ce, da sunan asusun wani da ban san alaƙarsa da shagon ba. Na yi cinikin biri a sama, da idona a buɗe.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce an cuce ni, in samu masu jajanta mini. Amma akwai saura, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Gyaran ya yi mini tsada, sai na bar gilashin a haka. Yana aiki idan mutum ya juya shi da hannu, wani lokacin ma yakan yi kwanaki lafiya lau kafin ciwon ya motsa. Bayan an cire wa naira tallafin canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi, kayan hoto suka yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Sai ga wani yaro daga Isa, sabon shiga sana'a, ya zo shagona. Ya ji labarin gilashin, daga bakina kuwa, tun zamanin da nake cika baki. Ya ce, "Yaya, in za ka sayar, ni ina so. Na san kayanka ba su da matsala." Ya ɗaura a kyamararsa ya gwada. Ranar kuwa gilashin ya tashi da lafiya, ya kama fuska tsaf. Ya taya kuɗin da ya fi wanda na saya.

Wallahi na ɗauko kwalin. Na ɗauko katin garantin a ledarsa, na ɗora a kai, don cinikin ya yi kwarjini. Bakina bai yi ƙarya ba, ban ce masa lafiyarsa ƙalau ba. Na dai yi shiru ina barin kwali da kati su yi mini ƙaryar. Yana ƙirga kuɗi, sai na ga yadda yake kallon katin, bai juya bayansa ba. Ya yarda da ni ne, shi ya sa. A nan na gane cewa mutumin Legas da na yi shekara biyu ina tsine wa bai yi mini komai ba face abin da nake shirin yi yanzu, shi ma shiru ya yi ya bar kwali ya yi magana. Bambancinmu ɗaya ne, shi bai taɓa ganin fuskata ba, ni kuwa na san mahaifin yaron nan, mun sha haɗuwa a jana'iza. Mun karanta a Risala, a babin ciniki, cewa ɓoye aibin kaya bai halatta ba, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibi yana da zaɓin mayarwa. Na san wannan tun ina zaure. Sanin bai hana hannuna ɗauko katin ba.

Na ce masa ya dakata da ƙirgar. Na nuna masa kusoshin, na nuna masa lambobin biyu, na juya masa bayan katin. Na ba shi labarin ɗaurin auren da na ɓata a garinsu, wanda ashe ya ji, bai dai san ni ba ne. Ya yi shiru, sannan ya ce har yanzu yana so, zai koyi juyawa da hannu. Muka daidaita a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na ce in ya mutu masa gaba ɗaya cikin wata uku ya dawo mini da shi. Wannan ne garanti na gaskiya na farko da gilashin ya taɓa samu.

Ban daina sayayya ta intanet ba, don mai zama a Sabon Birni ba shi da zaɓi da yawa. Kano da nisa, hanya kuma sai addu'a. Amma yanzu kafin in tura ko sisi, sai an turo mini hoton lambar da ke jikin kaya da ta kwali, da bayan kati, da rasit mai sunan shago, sannan in sa wani nawa da ke garin ya taka ya ga shagon da idonsa, in biya shi ladan tafiyarsa ba tare da ƙyashi ba. Mai kayan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ni amsa. Maigidana kuwa, da na je na gaya masa komai, har da abin da na so yi wa yaron, bai tuna mini da gargaɗinsa ba. Cewa ya yi in je in nemi gafarar mutanen Isa da na ɓata wa hoton aure, domin mayar da kuɗi daban, ba da haƙuri daban. Na je, sun kuma yafe.