Yusef Lateef a Zariya: Mabushin da Nazarin Hausa Ya Yi wa Ƙyuya

A Amurka, ana tunawa da Yusef Lateef (1920–2013) a matsayin gwanin busa saksofon wanda ya taso a Detroit, ya musulunta, ya yi aiki da Cannonball Adderley, ya kuma naɗi faifan Eastern Sounds a 1961. Masu rubuta tarihin kiɗan jaz sukan taƙaita zamansa a Nijeriya cikin jimla ɗaya. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne manazartan Hausa ma ba su cika ambatonsa ba.

Daga 1981 zuwa 1985 Lateef ya kasance babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ya zo da digirin digirgir a fannin ilimi, shekarunsa sun haura sittin, amma sai ya koma ɗalibi a gaban sarewar Fulani makiyaya. A 1983 ya naɗi faifan In Nigeria a Legas, sannan a 1987 littafin Hausa Performing Arts and Music ya fito da sunansa da na Ziky Kofoworola.

Me ya sa aikin bai yi jijiya ba? Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda aka gina fagen. Nazarin waƙar baka ya girma ne a sassan harshe da adabi, inda ake juyar da waƙa zuwa rubutu, a fitar da jigo da salo da zubi da tsari. Wannan hanya ta yi wa Shata da Narambaɗa hidima ƙwarai. Sai dai busar sarewa ba ta da ɗiya balle amshi da za a rubuta, saboda haka ta zame ta faɗi a tsakanin fannoni. Lateef ya shigo ne da kunnen mabushi, wanda ke sauraren numfashi da rawar murya da tazarar sauti. (Shi kansa ya ƙi kalmar jaz, yana ganin ta ƙasƙantar da kiɗan.)

Lokaci kuma ba ya jira. A yankuna irin su Rijiyar Zaki, gine-ginen Kano na ta cinye gonaki da burtali, kuma inda shanu suka daina bi, mai sarewa ba ya zama. Ɗalibin da zai so kwatanta busar yau da wadda Lateef ya saurara shekaru arba'in da suka wuce sai ya fara neman mabushin, sannan ya nemi malamin da zai yarda ya duba kundin da babu baiti ko ɗaya a cikinsa.