Ranar da aka ce in tuɓe tukunyar iskata a ƙarƙashin ruwa

1/ Jama'a ku matso. Hutun da ya wuce na bar Alkahira na tafi Dahab, bakin Bahar Maliya, koyon nutso da kuɗin da na yi wata bakwai ina tarawa. Ni da ko iyo sai da na zo karatu Masar na koya. Umma ba ta sani ba har yau, don Allah kar wanda ya kai mata.

2/ Rana ta biyu muna durƙushe kan yashi, zurfin bai wuce mita uku ba. Malamin ya yi mini alama: cire rigar da tukunyar iska ke ɗaure a bayanta, ajiye ta gabanka, sannan ka mayar. Kowane sabon ɗalibi sai ya yi wannan.

3/ Ƙa'idar ita ce hannun hagu ake fara zarewa, saboda bututun numfashi ta kafaɗar dama yake zuwa baki. Ka juyo da kayan ta dama, abin shaƙar bai bar bakinka ba. Ni kuwa uban gaggawa na fara da dama.

4/ Bututun ya fizgi bakina. Ga wata kuma: dalmar da ke danne ni ƙasa tana aljihun rigar da na cire. Rigar robar da ke jikina ta fara ɗaga ni, ƙafafu sama, kai ƙasa. Wallahi haƙorana kaɗai suka rage tsakanina da shan ruwan gishiri. Zuciya na ce mini tofar da abin nan ka gudu sama.

5/ Malamin ya damƙe ni, ya zuba mini ido har numfashina ya daidaita.

6/ Da yamma muna shan shayi ya ce shi a kogunan dutse na Meziko da ruwa ya cika yake nutso, kuma a can wannan abin da ya firgita ni aikin yau da kullum ne. Bambancin: ni da na kasa, sama na nan a buɗe. A kogo dutse ne a kanka.

7/ Shi ya sa da yawansu ba sa goya tukunya a baya. Biyu suke ratayewa, ɗaya a kowane gefe, ƙarƙashin hammata, kowace da nata bututun. Masu shiga kogo a Ingila suka faro salon. In an zo matsi, sai ka kwance maƙalin ƙasa, ka juyo da tukunyar gaba, ka tura ta cikin ramin, ka bi ta kana shaƙa daga gare ta.

8/ Yanzu ka ƙara da laka. Ƙafarka ta taɓa ƙasa sau ɗaya, ruwan ya zama kunu, fitila ba ta da amfani. Duk kwancewa da maƙalawar nan da lalube ake yi, kuma ba ka isa ka saki zaren da ke nuna hanyar fita ba. In zaren ya sarƙe a kayan da ka cire fa? Na tambaye shi. Ya ce shi ya sa suke ɗaukar abin yanka fiye da ɗaya.

9/ Iskar ma kashi uku ake raba ta: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na tsautsayi. Duk minti da ka ɓata kana kokawa da maƙali, daga na ukun kake ci.

10/ Kun tuna yara 12 da kocinsu da suka maƙale a kogon Tham Luang na Tailan a 2018? Da na kalli fim ɗin Thirteen Lives yaran kawai nake kallo. Yanzu hannuwan masu ceton nake kallo. A aikin nan Saman Kunan, tsohon sojan ruwa, ya rasu kan hanyar dawowa daga kai tukwanen iska. Ƙwararre ne fa, ba irina ba.

11/ Washegari na roƙi a bar ni in sake. Hagu, juyawa, rungume kayan a ƙirji don kar in tashi sama. Na yi sau huɗu. Na biyar malamin ya ce in rufe ido. Na mayar da komai daidai, sai ɗamarar ciki da na ɗaura a murɗe.

12/ Kogo kam ban shiga ba, takardata ma ba ta ba ni izini ba. Amma na tambayi kuɗin kwas ɗin tukwanen gefe, na rubuta a bayan littafin lacca.