Kwamfutar da Ba Ta Ƙara

Injiniyar da ke zana sassan injuna ta daɗe tana juya maganar a ranta. Kwamfuta take so ƙarama, marar ƙara, wadda za ta shige jaka.

MacBook Air mai na'urar sarrafawa ta M1, da Apple ya fitar a 2020, ko fanka ba ta da shi, shiru kake ji. Amma idan lissafi ya yi tsawo, har tafin hannu ya fara jin ɗumin jikinta, da kanta take rage gudu. Ga SolidWorks, manhajar da take zane da ita, don Windows aka yi ta, ba don Mac ba.

Sai ta ɗauki kwamfutar Windows mai ɗan kauri, mai fanka biyu, ta haƙura da ƙuginta.