Wa Za Mu Ba Amanar Numfashinmu?

Jama'a, da muka je Zanzibar don nutso da tulun iska a gefen tsibirin Mnemba, masu jirage suka yi mana caa, kowa na rage kuɗi. Saura kaɗan mu bi na arha. Sai babbanmu ya ce a nuna mana oksijin na ceto. Mai jirgin ya yi dariya, wai bai taɓa bukatarsa ba. Muka juya.

Wanda muka zaɓa tsada gare shi, ga tsanani kamar malamin allo. Ya duba takardun koyonmu, ya hana mu wuce zurfin mita 18, ya ƙidaya mu shiga da fita. Ya kuma ce kada mu hau jirgin sama sai bayan awa 18, iskar da ta taru a jini ta fice tukuna. Muka yi gunaguni, sa'an nan muka sake tikiti.