Wasiƙun Tsallaken Iyaka

A shekarar 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a birnin Paris, suka raba ƙasar Borgu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo ta faɗa hannun Ingila. Layin da suka shata ya ratsa gonaki, ya ratsa dangi. Shekaru da yawa bayan haka aka aurar da kakata a Illo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta yau, ƙanwarta kuwa aka kai ta Malanville ta ƙasar Dahomey, wadda ta koma Benin a 1975. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, amma aure da kulle sun mayar da ita nesa. Sai wasiƙa ta zama ƙafarsu.

Babu ɗaya daga cikinsu da ta iya riƙe alƙalami. Malamin zaure ake kira, mace ta faɗa daga bayan asabari, shi ya rubuta da ajami, a ba fatake ko masu jirgin ruwa su kai. Saboda haka kowace takarda murya biyu gare ta. Gaisuwa da doguwar addu'a na malam ne. Tsadar gero, ciwon ƙafa, kishiya, da yaron da ya ƙi makaranta, waɗannan na mai magana ne, kuma a nan daɗin yake. Wani wurin ina jin inda malam ya tausasa kalmar da ta fito da zafi.

Na taɓa karanta cewa bayan rasuwar marubucin nan na Sikotland, Robert Louis Stevenson, a Samoa a 1894, an buga wasiƙun da mahaifiyarsa Margaret ta riƙa aika wa 'yar'uwarta Jane Balfour. Ita ma labarin gida take bayarwa. Darajar ɗanta ce ta sa aka adana nata. Namu babu mashahurin da zai tsaya musu, gara da damina kawai suke jira a cikin adaka.

Yanzu kuma sun sami abokan gaba a cikin gida. A ɗaya daga ciki ƙanwar kakata ta ambaci gonar fadama da ke bakin Kwara, ta ce aro ta ba yayarta har 'ya'yanta su girma. Jikokinta na Malanville sun ji labari, suna so a kai takardar gaban alƙali. Kawuna da ke noma shinkafa a wurin ya ce a ƙone adakar gaba ɗaya, wai sirrin matattu ne.

Na gaya masa: "Kawu, ka yi mini aikin gafara, ba zan ƙone ba." Kai wa kotu ma ban yarda ba, tun da takardar ba ta da shaidu, kuma matar da ta faɗi maganar zumunci take yi da yayarta, a layi na gaba ma daddawa take roƙo. Na ɗauki hoton kowace wasiƙa da waya, na tura wa ɓangarorin biyu daidai wa daida, har da waɗanda babu zancen gona a ciki. An sa ranar zama a Illo bayan Babbar Salla, kuma wata gwaggonmu ta Malanville ta aiko cewa a fara karanta wasiƙar da aka sanar da haihuwarta.