Dagin Kyanwa da Karen Farauta

Cikin karin maganar Ingilishi da ɗalibai kan kawo mini neman fassara, kaɗan ne ke sa ni jinkiri kamar "cat's paw". A zahiri ma'anarsa dagin kyanwa. Abin nufi kuwa shi ne mutumin da wani ya yi amfani da shi ya biya bukatarsa, ya bar shi da wahala.

Tushensa wata tsohuwar tatsuniya ce ta Turai, wadda marubucin Faransa La Fontaine ya mayar waƙa a ƙarni na 17. Biri da kyanwa suna zaune bakin murhu, ana gasa ƴaƴan wani itace da Faransawa ke kira "marron". Biri ya yi ta zuga kyanwa yana yabon gwanintarta, har ta riƙa sa dagi cikin garwashi tana fito da su ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana lamushewa. Da mai aikin gidan ta shigo, duka biyu suka arce, kyanwa ba ta tsira da kome ba sai ƙuna. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci za su gane wannan labari a cikin "tirer les marrons du feu".

Hausa ba ta rasa dabbobin da za ta ba da a madadi ba, amma kowace da irin tata cutuwa. Saniyar tatsa ana morar ta ne kullum, ba sau ɗaya ba. Zakaran gwajin dafi shi ake fara jefawa cikin haɗari don a ga yadda za ta kaya. A "kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi" rabon ya yi daidai da na biri da kyanwa, sai dai kura da takunkumi aka kawo ta dandali, ba da daɗin baki ba.

Yawancin ɗalibai kan zaɓi karen farauta, kuma a nan nake jan hankalinsu. Karen farauta ya san ubangidansa, ya san abin da aka sake shi ya kamo, kuma yakan sami ƙashi. Idan aka kira matashin da ɗan siyasa ya tura tayar da rikici da wannan suna, an ɗora masa rabonsa na laifi. Ita kuwa kyanwa yaudarar ta aka yi. Mai fassarar da ya musanya su ya mayar da wanda aka zalunta abokin zalunci.

Saboda haka ni nakan duba jimlar tukuna. In da tilas a ciki, kura ce. In da lada da sanin ya kamata, kare ne. In kuwa zuga ce ta kai mutum ga wuta, nakan ajiye dabbobin gaba ɗaya in ce: an ci da guminsa, an bar shi da ƙuna.